Wa Aka Kai Ƙara, Ita Ko Su?

Ya ku malamai da almajirai, ku ji wannan. A Minesota ta ƙasar Amurka, wata mace, Lois Jenson, ta kama aikin haƙar tama a 1975, cikin maza. Suka addabe ta da batsa da taɓa jiki. A 1988 ta kai ƙara tare da 'yan'uwanta mata. Sai aka juya kansu, ana tonon takardun likitansu da labarin ƙuruciyarsu, kamar su ne masu laifi! Sai 1998 aka biya mata 15 diyya. Masu cewa "me ya kai ta cikin maza?", na amsa muku: neman abinci, wanda ya kai mazan. A wane littafi kuka ga ya halatta musu jikinta?