Tazarar Gefen Gida da Katanga: Dokar Gini da Tsarin Gidan Bahaushe a Kano

Duk mai neman izinin gini daga Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano zai tarar da sharaɗin barin tazara tsakanin gininsa da iyakar filinsa, ta gaba da ta baya da ta gefe. Manufar sharaɗin ba ta da aibi: a samu iska da haske, kuma gobara ba ta tsallaka daga gida zuwa gida ba. Sai dai a ganina an yanka shi ne a kan siffar gidan da ba na Bahaushe ba, shi ya sa ake yawan karya shi a sababbin unguwanni.

Asalin tsarin yana komawa ga zamanin Turawa. Dokar garuruwa ta 1917, ta lokacin Gwamna Lugga, ita ce ta raba mazaunin Turawa da na ’yan ƙasa. A unguwa irin Nasarawa, gida yana tsakiyar fili, sarari ya kewaye shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 da dokar tsara birane ta 1992 sun sauya masu iko da fili da hanyar ba da izini, amma wannan siffa ta gida ta ci gaba da zama ma’auni.

Gidan Bahaushe kuwa akasin haka yake. Ɗakuna suna jingine da katanga, sarari yana ciki. Daga zaure a shiga ƙofar gida, a ratsa shigifa, sannan a isa tsakar gida, inda ake girki da shanya da shan iska. Katanga a nan sutura ce ta iyali.

A ɗauki fili mai ƙafa 50 a tsaye, 50 a kwance, irin wanda mai ƙaramin ƙarfi yake iya saya. A ce an nemi ya bar ƙafa 5 a dama, 5 a hagu. Ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na filinsa ke nan, an mayar masa da shi siraran lunguna biyu da ba sa ɗaukar tabarma, sai tarkace. Da wannan sarari aka haɗe a tsakiya, da ya zama tsakar gida mai yalwa.

Idan doka ta nemi abin da jama’a ba su ga hikimarsa ba, sai su raina ta baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya saba cinye tazarar gefe, gobe zai turo katangarsa cikin lungu, ya toshe magudanar ruwa, ya juya indararo gidan maƙwabci, ya buɗe tagar bene tana leƙen tsakar gidan wani. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke kai maƙwabta gaban mai unguwa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya yi magana a kansu. Ibn Rami, magini ɗan Tunis na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen katangar tarayya da taga da kwararar ruwa, duka a kan ƙa’idar hana cutarwa.

Ba ina kiran a soke tazara ba ne. Wadda ke bakin titi da magudanar ruwa a tsananta ta, haka ma ta dogayen benaye, domin gobara ba ta san al’ada ba. Amma a ƙananan filaye, a halatta gini kan iyaka da bangon da ke tare wuta, bisa rubutacciyar yardar maƙwabci, a kuma lissafa tsakar gida a matsayin sararin da doka ke nema.

Manazarta Hausa ma suna da aiki a nan. Magini da mai gida da Hausa suke shawara, takardar izini kuwa da Turanci take zuwa. Kamata ya yi sassan Hausa na jami’o’inmu su zauna da masana tsara birane, su tattara kalmomin magina, su fitar da ƙa’idojin cikin harshen da mai ɗora bulo zai karanta ya gane.