Waiwaye: Baƙin da Suka Zo Ƙirga Tsuntsaye

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 ba za su manta da su ba. Samari da 'yan mata Turawa, abokan juna, biyu-biyu ko uku-uku, kowa da ƙatuwar jaka a baya da madubin hangen nesa rataye a wuya. A Kano jirgi yake sauke su. Kafin su fuskanci daji sai sun ɗan sha iskar birni: su hau Dala, su leƙa marinar Ƙofar Mata, su ɓata a lungunan Kasuwar Kurmi, inda ake tsuga musu kuɗi su biya suna godiya. Da sun iya "sannu" da "ina gajiya", sai kowa ya kama hanya. Wasu su nufi Yankari, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, wasu dausayin Haɗeja da Nguru, inda aka fara shirin kare tsuntsaye a 1987. Da yawansu aikin sa-kai ne ya kawo su, ba albashi. Har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, sai da ya je Dagona, cikin wannan dausayin, a 1989.

Mu a Malumfashi da Funtuwa ratse kawai ake yi mana. Mai zuwa dajin Kamuku, can wajen Birnin Gwari, yakan tsaya tasha ya sayi rake, yara su yanyame shi. 'Yan kamasho kuwa su yi ta mamaki: mutum ya ƙetaro teku don ya ƙirga tsuntsu?

To amma kada mu manta, baƙo ko da idonsa ya kai kwano, ɗan gari ne ke nuna masa hanya. Baturen yana da littafi, maharbinmu yana da sawu. Shi zai duba ƙasa ya ce nan gada ta bi da asuba, can gwanki ya sha ruwa. Kuma muna da namu dokokin tun ba a san ma'aikacin gandun daji ba. Farauta sai da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Da ruwa ya sauka an rataye kwari da baka. Shamuwa fa? Wane yaro ne zai ɗaga mata danƙo bai sha faɗa ba? Daga kudancin Afirka take tasowa, ta iso mana gab da damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari. Da an gan ta, maigida ya fara duba iri da garma. Ba wanda ya biya mu wannan gadi, ba kuma wanda ya rubuta shi, shi ya sa da ya sulale ba a ji ƙararsa ba.

Noma ne ya ci dajin, kuma ba zan zage shi ba, don shi ya rufa mana asiri. Auduga ta fara, sannan a 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya: taki, tarakta, hanyoyin karkara, ingantaccen irin masara. Rumbuna suka cika. Saura da kurmi suka zama gona, maganin feshi ya bi ƙwari, tsuntsayen da ke cin ƙwarin suka ragu. Yaushe rabonka da jin kukan gauraka a fadama? Ungulu da ke cika mahauta har a riƙa korarta da sanda, a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da masu sayen sassanta don tsibbu sun gama da ita. Kamuku kuwa, da ta zama gandun daji na ƙasa a 1999, yau rashin tsaro ya hana baƙo da ɗan gari shiga.

Baƙin sun ɗauke ƙafa, amma aikin bai mutu ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos tana da shirin da matasanmu 'yan sa-kai ke fita da waya suna rubuta kowane tsuntsu da suka gani da inda suka gan shi. Malaman makarantunmu na Bakori, Ƙafur, Ɗanja da Malumfashi, ga roƙona gare ku: in damina ta ƙarato, ku fita da ɗalibai ku ƙirga sheƙar shamuwa a garinku, ku kuma gayyato tsohon maharbin unguwa ya faɗa musu sunayen abin da suka gani, tun yana da ƙarfin fita.