Hoton radiyo: abin da wani sabon kiristal zai iya canzawa a asibitocinmu

Duk wanda likita ya taɓa tura wa ɗaukar hoton ƙirji ya san wahalar: sai an je babban asibiti a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, a biya kuɗin mota, a biya na hoto, wani lokaci kuma a tarar na'urar ta lalace. Ɗaya daga cikin sassanta mafi tsada shi ne farantin da ke karɓar hasken iks bayan ya ratsa jikin mutum. A kan wannan faranti ne masana ke ta bincike yanzu.

Abin da suke sa rai a kansa shi ne kiristal ɗin ferobiskit. Sunan ya samo asali daga wani ma'adini da aka gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839, amma wanda ake magana a kai, a ɗakin gwaji ake haɗa shi da dalma da sinadarai irin su boromin ko aidin. Nauyin dalmar ke sa ya tare hasken iks sosai, ya mayar da shi lantarki kai tsaye. Ke nan da haske kaɗan za a samu hoto mai kyau, abin da ke da muhimmanci ga yara da masu yawan ɗaukar hoto. Ga shi kuma ana haɗa shi daga ruwan sinadari ba tare da zafi mai yawa ba. A 2017 masu bincike na Samsung da jami'ar Sungkyunkwan a Koriya ta Kudu sun nuna ana iya shimfiɗa shi a kan babban faranti.

To me ya hana shi shiga asibiti? Babbar matsalar tana a fuskar kiristal ɗin. Idan an yanka shi ko an goge, saman yakan samu ƙananan lahani da ke riƙe lantarkin, ko su bar shi yana yoyo ko da babu haske. Sai hoto ya yi dishi-dishi, awon kuma ya riƙa sauyawa. Shi ya sa ake gwada goge fuskar da kyau, da lulluɓe ta da siririn sinadari mai toshe lahanin.

A wurinmu akwai tambayoyi biyu. Na farko, ferobiskit ba ya jure zafi da danshi, mu kuwa muna da zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta. Na biyu, dalma guba ce. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa ɗaruruwan yara a 2010 saboda ita. Wa zai tattara farantin idan ya mutu?

Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince kwamfuta ta karanta hoton ƙirji wajen neman tarin fuka, abin da ke rage buƙatar ƙwararren likita a kowane gari. Idan faranti mai araha da ƙarko ya samu, hoton zai iya isa asibitocin karkara. Kafin nan, aikin da ke gaban hukumomin lafiya shi ne gyara na'urorin da ke hannu da horar da masu kula da su.