Sayen Dashe: Kanti ko Lambun Gefen Hanya?

Akwai hajar da mai saye yake gane ingancinta nan take, kamar atamfa ko tumatir, akwai kuma wadda ba zai san abin da ya saya ba sai bayan shekara huɗu ko biyar. Dashen itace yana cikin kashi na biyu. Mutum ya ba da kuɗinsa, a miƙo masa ɗan tsiro mai ganye shida ko bakwai a cikin baƙar leda, a ce masa mangwaro ne mai aure. Ya kai gida ya haƙa rami, ya yi ta ban ruwa duk rani, yana fama da awakin maƙwabta, sai ranar da itacen ya yi 'ya'yan fari sannan zai san ko gaskiya aka gaya masa. A lokacin kuwa ba kuɗin ne za su dame shi ba, shekarun da suka tafi ne. Wannan shi ne cinikin biri a sama na sosai.

Abin da ya sa na kawo wannan magana, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne a manyan biranenmu kamar Legas da Abuja wuraren sayen shuka sun kasu biyu. Akwai manyan kantuna irin na Turai, inda ake jera furanni a tukwane masu ƙyalli, kowanne da farashinsa a manne, ga takin zamani, ga maganin ƙwari, ga ciyawar roba. Akwai kuma ƙananan lambunan renon dashe da muke wucewa kullum a gefen titi ko a bakin rafi, inda mutum ɗaya da yaransa biyu suke cika ledoji da ƙasa, suna ban ruwa da bokiti. Mutane da yawa, musamman waɗanda suka ɗan sami abin hannu, suna ganin kanti ya fi aminci tunda akwai rasit. Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga mai lambu, amma da sharaɗi, kuma zan zo kan sharaɗin.

Da farko dai, babban kanti yawanci ba shi ne ya reni shukar ba, dillali ne. Saro ta ya yi daga wani wuri, wani lokaci ma daga wata ƙasa. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta san inda aka shuka ta ba, ba ta san irin ƙasar da take so ba, kuma ba laifinta ba ne, domin ba aikin da aka ɗauke ta ke nan ba. A Ingila, inda irin waɗannan kantuna suka yi ƙarfi ƙwarai, kaso mai yawa na shuke-shuken da ake sayarwa daga Holan ake shigo da su. A shekarar 2012 aka fara tabbatar da wata cuta mai kashe bishiyar da suke kira ash a ƙasar, a jikin dashen da aka kawo daga Holan, kuma har yanzu cutar tana cin dazuzzukansu. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ya addabi rogo a Afirka tun daga shekarun 1970, daga Kudancin Amurka ya zo a jikin itacen rogo da aka kawo domin shuka. Sai da masana na cibiyar IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, suka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga can mahaifar ƙwaron, suka fara sakinsa a 1981, sannan aka shawo kansa. Ba kanti ne ya kawo ƙwaron rogo ba, amma darasin ɗaya ne, duk shukar da ta yi doguwar tafiya tana iya zuwa da baƙon da ba a gayyata ba.

Ko da babu cuta ma, akwai maganar yanayi. Furen da ya tashi a sanyin Jos, a kan tsaunin da ya haura mita dubu ɗaya, ba lallai ba ne ya jure zafi da gumin Legas. A kanti za ka gan shi shar, saboda an ajiye shi a inuwa ana lallaɓa shi, mako uku a tsakar gidanka sai ganye ya fara zuba. Dashen mai lambun unguwarku kuwa ranar da za ta doke shi a gidanka ita ce ta doke shi tun yana tsiro, ruwan da za ka ba shi ma kusan shi ya saba sha. Da ɗan gari akan ci gari.

Babban dalilina shi ne ilimin da ke bakin mai lambu, kuma a nan ne abin ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe. A cikin masu wannan sana'a a nan Kudu akwai Hausawa, kuma duk wanda ya tsaya ya saurare su zai ji yadda Bahaushe ya ɗauki itace tamkar mutum. Ana renon dashe kamar yadda ake renon yaro. Gwanda da dabino suna da namiji suna da mace. Idan aka yanko reshen itace mai daɗin 'ya'ya aka haɗa shi da gindin wani mai ƙarfin saiwa aka ɗaure har suka zama ɗaya, sai a ce an yi masa aure. Ban san wata kalma da ta fi wannan dacewa da aikin ba. Mai lambu ba zai ce maka mangwaro kawai ba, zai tambaye ka binta siga kake so, ko fafaranda, ko ɗan kamaru. Waɗannan sunaye ba a rubuce suke a jikin tukunyar kanti ba, kuma mai neman abin da zai yi kundin kammala digiri a kai, ga fage nan a buɗe.

Auren nan kuwa ba ado ba ne. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to amma a wajen wasu irin mangwaro da sauran itatuwa masu 'ya'ya karin maganar nan ba ta aiki. Kana iya shan mangwaro mai zaƙi kamar zuma, ka shuka ƙwallonsa, abin da zai fito ya zama mai tsami da zare. Reshe ne yake ɗauko halin uwa gaba ɗaya. Bayan haka, mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya kai shida ko fiye. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, "Baba, daga wane itace aka yanko reshen nan?" Mai lambu na gaske zai nuna maka uwar, ko ya gaya maka gonar da take. A kanti babu wanda zai amsa maka wannan.

To, ga sharaɗin. Ba duk wanda ya jera ledoji a bakin titi ne mai lambu ba. Da zarar ruwan farko ya sauka sai ka ga masu talla da baro sun cika gari, kafin damina ta yi nisa sun ɓace. A cikinsu akwai masu tsaga jikin dashen ƙwallo su naɗa masa leda domin ya yi kama da mai aure. Wanda nake nufi shi ne mutumin da ya shekara da shekaru a wuri ɗaya, wanda ya san idan ya cuce ka bana, za ka same shi a nan baɗi da baɗin baɗaɗa. Zamansa a wurin ya fi mini rasit.

Sannan akwai itatuwan da ko mai lambu mai gaskiya ba zai iya ba ka tabbaci a kansu ba, domin ido ba ya ganin asalinsu. Kwakwar manja ita ce babban misali, kuma mu da ke zaune a Kudu muna ganin yadda mutane suke zuba jari a gonarta. Irin da ake so shi ne tenera, mai siririn ɓawo da tsoka mai yawan mai. Ana samun sa ne ta hanyar haɗa iri biyu da hannu, wato dura mai kaurin ɓawo da pisifera marar ɓawo. Idan wani ya je ƙarƙashin bishiyar tenera ya tsinci 'ya'yan da suka faɗo ya rena, abin da zai fito kusan rabi ne kawai tenera, kashi ɗaya cikin huɗu dura, sauran kashi ɗayan kuma pisifera, wadda yawanci ba ta ba da abin kirki. A cikin leda duk kamarsu ɗaya. Manomi ba zai gane ba sai bayan shekara uku ko huɗu, ga shi kuma gonar kwakwa ta shekara ashirin da wani abu ce. Irin wannan dashe, kada a saye shi a kanti, kada a saye shi a gefen titi. A nufi cibiyar NIFOR da ke kusa da birnin Benin, wadda ta faro tun 1939 a matsayin tashar binciken kwakwar manja, ko wanda aka tabbatar daga can ya karɓo irinsa. Haka dabino, wanda idan daga ƙwallo aka shuka shi kusan rabi maza ne za su fito, kuma ba a ganewa sai sun yi fure. Ita wannan cibiya tana da reshen binciken dabino a Dutse ta Jihar Jigawa. Mai son kafa gonar lemo ko mangwaro babba kuwa, ga cibiyar NIHORT a Ibadan, wadda aka kafa a 1975 domin binciken kayan marmari da na lambu.

Kanti ma yana da ranarsa. Almakashin yankan reshe, da tiyo, da irin kayan lambu da ke cikin fakiti a rufe da kwanan wata a jiki, duk gara a saye su a can.

Wanda zai je wurin mai lambu kuma, ya duba gaɓar auren da kyau. Ya kamata ya ga tabon da ya warke, da ɗan bambancin ɓawo tsakanin gindi da reshen sama. Ya ɗaga ledar ya ga ƙasanta, idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa ko ta naɗe kamar gammo, dashen ya daɗe fiye da kima, ya zaɓi ƙaramin da ke kusa da shi ko da bai kai shi kyan gani ba. Ya juya ganye ya duba bayansa saboda ƙwari. Ya kuma jira sai damina ta zauna sosai kafin ya dasa, ya yi dashen da yamma, ya cire ledar gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warware daga saiwar ba.