Kafin ka hau keke ka zaga ƙasar Gumel: lissafa awa da ruwa, ba kilomita ba

Keken da aka jingine a zaure tun da babur ya shigo gari ya fara dawowa kan titi, kuma wannan karon likitoci ne ke tura mutane gare shi saboda hawan jini da ciwon sukari da teɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, keke kuwa na biyan wannan bashi ba tare da ya ci gwiwa ba. Sai dai idan sha'awa ta kai ka ga shirya doguwar tafiya a Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ina da ra'ayi guda da nake so ka riƙe: kada ka auna tafiyar da nisa. Auna ta da awannin da za ka yi a rana da ruwan da za ka sha a cikinsu.

Ga dalili. Daga Gumel zuwa Maigatari, bakin iyakar Nijar, kilomita 20 ne da ɗoriya a kan kwalta, mai matsakaicin ƙarfi zai iya cinye su cikin awa ɗaya da rabi. Da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyuka, lissafi ya sauya. Burji na jijjiga hannu da ƙugu, yana rage gudu. Bayansa sai rairayi, wanda shi ne ainihin ƙasar nan, don ba banza aka kira jihar Jigawa ba. A cikin yashi mai zurfi taya na nutsewa, dole ka sauka ka tura, kilomita 4 su ci maka awa guda. Wanda ya ce zai dawo gida da hantsi sai azahar ta riske shi a tsakanin gonaki, gora ba ko ɗigo.

Nan ne lafiya ke shiga haɗari. A watannin Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki kan haura digiri 40, kuma mai taka feda a irin wannan rana na iya zubar da lita guda ta gumi a awa, ko fiye. Iskar da ke kaɗa ka a kan keke tana busar da gumin nan take, har ka ɗauka ba ka yi ba. Saboda haka ka tanadi rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowace awa, ka riƙa kurɓa kafin ƙishi ya zo. Gumi ba ruwa kaɗai yake fita da shi ba, har da gishiri, don haka ka riƙe ledar ORS ka haɗa ta yadda aka rubuta a jikinta. In babu, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Fitsarinka shi ne ma'auninka: in ya yi ja kamar shayi, ko ka yi awanni bai zo ba, tsaya a inuwa ka sha.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar haɗiyar maganin ciwon jiki kafin a fita, wai don kada gajiya ta kama. Diclofenac da ibuprofen a jikin da ruwa ya ƙare masa suna cutar da ƙoda, ciwon ƙoda kuwa ba baƙo ba ne a jihar nan. Taramol bai ma cancanci a tsaya muhawara a kansa ba. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, da mai allurar insulin, su ga likita kafin su sa rana, kuma mai sukari ya sa dabino a aljihu saboda faɗuwar sukari a hanya. Mai azumi ya ɗage tafiyar.

Ka kuma san alamar da ba a jira da ita. Abokin tafiya ya fara tangaɗi, maganarsa ta rikice, jikinsa ya yi zafi rau: zafin rana ne ya buge shi, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa ana ci gaba da sanyaya shi. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada ka tafi kai ɗaya.

Lokacin da na fi so shi ne Nuwamba zuwa Janairu, a fita bayan asuba da gari ya waye, a sauka kafin 11. Hunturu na da nasa: ƙura, wadda mai asma zai tare da takunkumi. Ranar Alhamis kuwa ka bar hanyar Maigatari ga masu ita, ranar kasuwa ce, tireloli na dabbobi ba sa ganin mai keke.

Layukan darbejiya da turare da aka dasa don tare hamada suna da daɗin hutawa, amma duba ƙasa kafin ka zauna, busasshen ganye mazaunin kububuwa ne. Tsidau da ƙayar aduwa su ne abokan gabar taya, mai faci kuma ba a kowane ƙauye yake ba, don haka famfo da kayan faci su zauna a kariya. A yashi ka ɗan rage iskar taya, in ka hau kwalta ka ƙara. Ɗaga sirdi har ƙafarka ta kusa miƙewa idan feda na ƙasa, gwiwa za ta gode maka. Hular kwano ba ta 'yan gayu ba ce, faɗuwa a burji ba ta zaɓen kai.

Fara da Gumel zuwa Sule Tankarkar ko wani zango makamancinsa, ka rubuta awa nawa ya ci da lita nawa ka sha. Da wannan lissafin za ka yanka zangon Gagarawa, ka kuma gaya wa mutanen gida hanyar da za ka bi da lokacin da za su fara nemanka.