Keke Ba Alamar Talauci Ba Ne

A ƙasar Faransa, inda aka shimfiɗa wa masu keke hanya ta kusan kilomita 900 a kwarin kogin Luwar, tsakanin gonakin inabi da tsofaffin ƙauyuka, attajiri ba ya jin kunyar taka feda. Amma a Fagge da Sabon Gari na Kano, inda a dā samun keken Raleigh kan sa a yi wa saurayi barka, yau an bar keke ga ɗan makaranta da mai tallar burodi, alhali kuwa hikimarsa ba ta ragu ba. Wanda ya fita a kan keke bayan sallar Asuba ya bi hanyar Zariya, ya haye kogin Challawa a Tamburawa, kafin hantsi ya isa Kura, garin marina masu bugun turkuɗi, sa'an nan ya gangara Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke rayar da alkama da tumatir a tsakiyar rani, zai ga ni'imar da mai mota ke wucewa bai lura ba. Illa dai tirela ba ta san haƙƙin mai keke ba. Wajibi ne hukuma ta keɓe masa gefen titi.