Ƙwanji kaɗai ba ya ɗaukar buhu: shawara ga matasan Garwa masu ɗaga ƙarfe

Duk wanda ya zaga unguwannin Garwa da yamma, bayan rana ta yi sanyi, zai iya cin karo da samari a bayan gida ko gefen fili, sun zuba siminti a gwangwanaye biyu, sun soka sandar ƙarfe a tsakiya, suna ɗagawa. Abin farin ciki ne, domin saurayin da ya ba jikinsa lokaci ya fi wanda ya ba majalisar banza. Sai dai idan muka tsaya muka lura, za mu ga yawancinsu motsi ɗaya suke maimaitawa: lanƙwasa hannu domin damtse ya kumbura, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ƙafafu kuwa sirara, gadon baya babu ƙwari. A ganinmu wannan gini ne da aka fara daga rufi.

Masana motsa jiki sun raba ɗaga nauyi gida biyu. Akwai motsin da gaɓa ɗaya kawai ke aiki a cikinsa, kamar lanƙwasa gwiwar hannu. Akwai kuma wanda gaɓoɓi da yawa ke haɗuwa a cikinsa lokaci guda, kuma shi ne ginshiƙi ga mai son jikinsa ya cika gaba ɗaya. Guda biyar sun isa. Na farko tsugunno da nauyi a kafaɗa, wanda ke gina cinyoyi da ɗuwawu. Na biyu ɗago nauyi daga ƙasa, baya a miƙe, wanda ke ƙarfafa bayan cinya da ƙugu da gadon baya. Na uku tura nauyi daga ƙirji a kwance, ko tura jiki daga ƙasa ga wanda ba shi da benci. Na huɗu tura nauyi sama da kai a tsaye, domin kafaɗu. Na biyar jan jiki sama a kan sanda, wanda ke faɗaɗa baya, kuma damtsen da ake ta nema yana samun rabonsa a ciki.

Dalilin fifita su a fili yake. Manyan tsokokin ɗan Adam suna cinya da ɗuwawu da baya ne, damtse ƙaramin yanki ne. Wanda ya bar manya ya kama ƙarami ya bar mafi yawan jikinsa a kwance. Sannan motsi mai haɗa gaɓoɓi yana ba da damar ɗaukar nauyi mai yawa da ƙara shi sannu a hankali, kuma wannan ƙari shi ne abin da ke sa tsoka ta girma. Ga kuma sauƙin lokaci: ɗan makaranta ko mai sana'a zai gama cikin awa guda, sau biyu ko uku a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya su riƙa ƙarfafa dukkan manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. 'Yan dakon da suka yi lodin jiragen ruwa a tashar Garwa ta kogin Binuwai, da masu ɗora buhunan auduga a ƙasar da kamfanin SODECOTON ya kafa hedkwatarsa, da masunta masu jan koma a Lagdo, da 'yan kokawar da ke kayar da abokin karawa da ƙarfin ƙugu, dukkansu da jiki gaba ɗaya suke aiki. Francis Ngannou, ɗan Kamaru da ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi a gasar UFC a 2021, yashi ya yi ta haƙa a Batié tun yana yaro. Amma kada mu ruɗi kanmu: aikin wahala daban, atisaye daban. Ɗan dako ba shi da zaɓin nauyi, ba shi da ranar hutu, shi ya sa da yawa ke ƙarewa da ciwon baya. Mai atisaye yana da wannan zaɓi, don haka ya fara da nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da bayansa ya tanƙware ba, ya nemi wanda ya iya ya duba masa tsayuwarsa.

Wani zai ce ai lanƙwasa hannu ma yana da amfani. Gaskiya ne, ba mu ce a yar da shi ba. A ajiye shi a ƙarshe, kamar yaji a kan tuwo, bayan an gama manyan.

Abin da ya fi damun mu shi ne gaggawa. Saurayin da ya ga jikinsa bai cika cikin wata guda ba sai ya koma ga allura ko ƙwaya, wani har da tiramadol wai don kada ya ji gajiya. Ƙarshen wannan hanya lalacewar hanta da zuciya ne, ko jarabar da ba ta sakin mutum. Alhali abin da tsoka ke buƙata yana kasuwarmu: kifi, wake, gyaɗa, ƙwai, nono da nama. Sai barci isasshe, da ruwa mai yawa, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, lokacin da ya kamata a mayar da atisaye bayan asuba.

Muna kira ga 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere: ku gina ƙafa da baya tukuna, damtse zai biyo. Sannu ba ta hana zuwa. Jikin da muke so shi ne wanda zai ɗauki buhun gero zuwa gidan mahaifiya yau, ya kuma iya tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba a shekara 70.